Ɗan Tsakon da Ba a Rina Ba

Kiɗan ƙwarya na fara ji tun daga zaure. Babu waƙa, babu tafi, kuma kiɗan ba ya tafiya daidai: a buga da sauri, a tsaya, a sake bugawa. Na shiga tsakar gida da jakata a ka, na tarar da Kaka, mahaifiyar babana, durƙushe a gindin rumbu. Ta kife ƙwarya a ƙasa tana dukan bayanta da yatsu. Na yi sallama irin tawa, wadda a gida ake cewa sai an kasa kunne ake jin ta, kiɗan ya haɗiye ta.

Daga Ƙanƙara na zo, hutun damina, a shekarar da na shiga sakandare. Babana ne ya kawo ni ƙauyensu kusa da Daudawa, ya tsaya a waje yana gaisawa da maza, don a ranar zai juya. Ban taɓa kwana a gidan ba tare da mamata ba, shi ya sa duk hanya ina shirya abin da zan ce idan na iso. Ban samu damar faɗin ko ɗaya ba.

Kaka ta ɗaga ƙwaryar. A ƙarƙashinta ɗan tsako ne kwance ta gefe, gashinsa a manne kamar an tsamo shi daga koko, ƙafafunsa a miƙe. Ya buɗe ido ɗaya, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ya dawo," in ji ta. Sai a lokacin ta dube ni. "Ke ma kin iso? Aje jakar nan, miƙo hannu."

Ta ɗora min shi a tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma ina jin zuciyarsa tana bugawa a fatata. Ƙafafunsa da sanyi. A kan bakinsa akwai wani ɗan farin tsini kamar ƙwayar gishiri, na so in goge, Kaka ta ce in bari, da shi ya fasa ƙwai, zai faɗi da kansa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baƙar kazarta ce ta ƙyanƙyashe tun jiya, ta tashi da 'ya'yanta ta bar ƙwai ɗaya a akurki. Kaka ta ɗauka za ta jefar a matsayin baragurbi, sai ta kara a kunne ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Ta taya shi ɓarewa, ya fito ya some. A garinsu kuwa idan ɗan tsako ya some, kife shi ake da ƙwarya a kaɗa. Na taɓa tambayarta me kiɗan yake yi. Ta ce barci ne ya yi nisa, tada shi ake, kuma haka ta taso ta ga ana yi.

Ina tsaye da shi a hannu kakana ya shigo, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya gyara hula.

"Ikon Allah. Baƙuwa daga zuwa sai jego? A ɗora mata ruwan zafi mana, a dama kunun kanwa."

Na sunkuyar da kai. Tun daga ranar ban ƙara jin wani suna daga bakinsa ba sai mai jego.

Kaka ta yi min bayani tana tankaɗe. Uwar ba za ta tsaya jiransa ba, tana can tana tono da masu ƙafa. Idan aka saka shi cikinsu yanzu, raɓar safiya kaɗai ta ishe shi. Zan riƙe shi har ƙafarsa ta yi ƙwari, sannan a mayar wa uwarsa kafin in koma. Na gane ba a maganar in tafi da shi. Gidanmu na Ƙanƙara gidan haya ne, tsakar gidan siminti, maƙwabciyarmu tana da kyanwa, ni kuma yini nake a makaranta. Kaka ma ba za ta iya goyon ɗan tsako ba, ga girki ga kai abinci gona.

"In uwar ta karɓe shi, ya rayu," ta ce. "In ba ta karɓa ba, to mun dai yi kiɗa."

Ta ba ni ƙoƙo, ta ɗebo min auduga daga ragowar ta bara, na yi masa gado a gefen murhu inda ƙasa take da ɗumi. Da rana kuwa cikin hijabina yake, a tafin hannuna, a jikin cikina. Ranar farko bai ci komai ba. Na yi ta kai masa ɓarzajjen gero baki yana kau da kai, har hawaye ya fara taruwa min. Kaka ta ce da guzurinsa ya fito, gwaiduwar ƙwai tana cikinsa, in bar shi da ruwa kawai. Na zuba ruwa a murfin kwalba, na tsoma bakinsa. Ya ɗaga kai sama, maƙogwaronsa yana motsi, idonsa a lumshe. Na yi ta maimaitawa don kawai in sake ganin hakan.

Koya masa ci ya fi wuya, don ni ban san yadda ake yi ba. Sai na koma ɗalibar baƙar kaza. Na zauna a kan turmin da aka kwantar ina kallon ta. Na ga ba ta ba su a baki. Takan ɗauki ƙwaya ta saki, ta sake ɗauka ta saki, tana wani sauti gajere daga cikin wuya, kut-kut-kut, sai su rugo su dubi inda bakinta yake. Na koma na barbaɗa gero a kan faifai, na riƙa ƙwanƙwasa wurin da farce. Ya zuba wa farcen ido, ya kai sara ya sami iska, ya sake kaiwa ya sami farcena, can dai ya dace da ƙwaya. Sautin ne na kasa yi a gaban mutane. Sai na duba hagu da dama, na tabbatar Kaka tana ɗaki, sannan in yi shi ƙasa-ƙasa.

Wata safiya ina cikin yi na ji an amsa daga bayan danga da babbar murya, "Kut-kut-kut." Baba Tsoho ne ya dawo daga kewaya gona, fartanya a kafaɗa.

"Ashe dai harshen ne ba mu iya ba," ya ce wa Kaka da ta leƙo daga ɗaki. "Mu muna ta yi mata Hausa."

A cikin 'yan kwanakin na san kukansa fiye da yadda na san karatun aji. Idan sanyi yake ji ko ya neme ni ya rasa, kukan yana da tsini, ɗaya bayan ɗaya, wuya a miƙe, ba ya tsayawa. Idan yunwa ce, kukan ya fi gajarta, kuma yana yi yana saran duk abin da ya gani, har zanen furen da ke jikin zanena. Idan ya ƙoshi ya ji ɗumi, sai ya koma wani ɗan sauti mai rawa, kamar yana magana da kansa, har barci ya kayar da shi da baki a cikin auduga. Idan na matsar da ƙoƙon kusa da wuta da yawa, zai buɗe baki ya ɗaga fukafukai daga jiki. A ƙasan wuyansa ta dama akwai inda abinci yake taruwa. Da yamma nakan taɓa in ji ya yi tim, da safe in ji ya sace, sai hankalina ya kwanta.

Sau ɗaya ya ba ni tsoro. Na tashi na same shi tsaye wuri ɗaya, ido a rufe, fukafukai sun zubo har ƙasa.

"Ya sa babbar riga," in ji Baba Tsoho da ya leƙa. "Ko dai sarauta aka ba shi, ko ciki ne."

Kaka ta karɓe shi ta juya shi. Kashi ne ya bushe ya toshe masa baya. Ta sa na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, na riƙa dannawa a hankali har ya saki, ta hana ni ja don kada in haɗa da fata. Ta jiƙa ɓawon maɗaci a ruwan shansa, ya sha ya girgiza kai kamar yaron da aka ɗura wa magani. Da la'asar ya tuɓe babbar rigar. Washegari Kaka ta nuna min tsohuwar tukunyar da take kifewa a bayan gida da karare da busasshen kashin shanu don gara ta taru. Na kakkaɓe masa kaɗan. Ranar na fara ganin gudunsa.

Ana cikin haka shirwa ta fara shawagi. Da hantsi take zuwa, inuwarta ta ratsa tsakar gida, baƙar kaza ta yi wata ƙara mai tsawo, 'ya'yan su ɓace ƙarƙashin rumbu kamar an share su. Rannan ɗaya ya yi nisa wajen bakin rijiya, ta sauko ta ɗauke shi muna kallo. Kaka ta bi ta da muciya da baƙar magana, duk ba su kai ba.

Da Baba Tsoho ya je kasuwa Faskari sai ya dawo da ɗan ƙulli a cikin hula. Galura ce, garin rini, irin wadda ake rina kaba da ita. Ya ce shirwa ta san kalar ɗan tsako, amma ba ta san abin da za ta yi da jan abu mai gudu ba.

"Bara ma ka rina, Malam," in ji Kaka. "Ta ci rabonta."

"Waɗanda ruwa ya wanke ta ɗauka."

"To bana ka hana ruwan sauka."

"Ke dai kamo min kazar."

Da rana ta buɗe aka kife uwar da kwando, tana ta bala'i a ciki. Baba Tsoho ya dama galurar a kasko da ruwan ɗumi, ya riƙa ɗaukar 'yan tsakin ɗaya-ɗaya yana shafa musu da tsumma, baya da kai da fukafukai, yana kauce wa ido. Ya jera su a rana a kan buhu. Da suka bushe gashinsu ya tashi, sai ga su ruwan hoda mai haske, har ido yana ƙin kallo. Aka buɗe uwar. Ta fito a guje ta ci birki. Ta dube su da ido ɗaya, ta juya ta dube su da ɗayan, ta sari na kusa da ita. Suka yi ta kuka suna bin ta, tana ja da baya tana kewaya turmi. Kafin azahar dai ta gaji ta haƙura, ta buɗe fukafukai suka shige.

Baba Tsoho ya miƙo min hannu, tafinsa jajir.

"Mai jego, kawo angon a yi mashi lalle."

Kaka ta ce a bar shi, bai gama warwarewa ba, jiƙa shi yanzu ganganci ne. Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka. Amma na dubi nawa, gashinsa ruwan ɗorawa mai laushi, da ɗan zane ruwan ƙasa a gadon baya, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ni ba na so ma. Sun koma kamar alewar bakin makaranta. Nawa ya fi kyau yadda Allah ya yi shi."

Wannan ce magana mafi tsawo da na yi tun zuwana. Baba Tsoho ya juya ya dubi bayansa kamar yana neman wanda ya yi ta.

"Kin ji?" ya ce wa Kaka. "Ashe akwai batir a rediyon."

Daga ranar nawa ya samu muƙami. Duk sanda Baba Tsoho zai wuce sai ya rusuna masa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan birni, mu ne 'yan alewa." Labarin ya kai gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida, inda yake zama da abokansa. Idan Kaka ta aike ni na bi ta gabansu, sai in ji wani tsoho ya ce a ba shi alewa ta sisi, su kwashe da dariya. Na koma bin ƙofar baya ta wajen garken awaki, ko da ta fi nisa da taɓo.

Shi kuwa ɗan birni bai san ana yi ba. Farin tsinin bakinsa ya faɗi ban ga sanda ya faɗi ba. Ƙananan gashin fiffike suka fara leƙowa, masu tauri kamar tsinken tsintsiya. Ya daina yarda da ƙoƙo, sai bin diddigena, har na koyi tafiya ina jan ƙafa don kada in taka shi. Idan na zauna tsince wake, ya hau kan ƙafata ya kwanta. Idan na shiga wanka, ya tsaya a bakin ƙofa yana kukan nan mai tsini har in fito.

Sai babana ya kira wayar Baba Tsoho ya ce jibi da safe zai zo ɗaukata.

Kaka ta ce lokaci ya yi. Da magariba, bayan kaji sun shiga akurki, ta sa na durƙusa na zura hannu a hankali na tura shi ƙarƙashin fiffiken baƙar kaza. Na ji ɗumin wurin a bayan hannuna, ɗumin da ni da auduga ba mu taɓa ba shi ba. Ya yi kuka sau ɗaya, uwar ta amsa daga cikin wuya, ta gyara zama. Shi ke nan. Na koma na zauna gaban tuwo, hannuna na hagu yana ta neman abin riƙewa.

Da safe ni na buɗe akurkin. Uwar ta fito, 'ya'yan suka biyo ta suna turereniya, duk ruwan hoda, sai shi kaɗai a tsakiya. Ta fara tono, ta kira, suka rugo har da shi. Sai ta tsaya. Ta karkata kai ta dube shi, irin kallon da ta yi wa sauran ranar rini. Ta sare shi a ka, ta ɗaga shi ta yar. Ya tashi ya sake nufar ta, ta sake. Ya juyo da gudu ya hau ƙafata, da ɗan ɗigon jini a tsakar kansa.

"Ta manta shi," in ji Kaka. "Kaza ce, ɗiyar nan. Kanta bai kai goro ba."

Ta koma kan dakanta, amma na ga ta daɗe ba ta ɗaga taɓarya ba.

Na wanke masa kan, na koma kan turmina ina ta tunani har bayan la'asar. Abu ɗaya ya tsaya min: jiya a cikin duhu ta amsa masa. Na kai shi bayan rumbu na ajiye, na ɓuya. Ya fara kukan neman ceto. Daga can bakin danga uwar ta ɗaga wuya, ta bar tono, ta taho a guje gashinta a tashe, tana kira. Tana zagayowa ta gan shi, ta tsaya cak, ta kai sara. Na yi wuf na riga ta, na ɗauke shi. Na sake gwadawa, wannan karon na kife shi da kwando. Ta zo tana kewaya kwandon, tana kut-kut, har da ɗauko ƙwaya tana saki a bakinsa. Ina ɗaga kwandon ta fasa.

Na je na tsaya kusa da Kaka har ta lura da ni.

"Mi ne ne?"

"Kunnenta ya san shi. Idonta ne bai sani ba."

Na nuna mata da kwandon. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta zauna a bakin turmi ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗa, tana share ido da bakin zane.

"Wato yanzu ita ɗiyanta jajaye ne. Wanda ya zo da kalar gidansu shi ne baƙo." Ta numfasa. "To ai da sauran galura. Tana wurin Malam, cikin aljihu ko cikin hula."

"Kaka, ki karɓo min."

"Ni na ce alewa?"

"Don Allah."

"Bakin da ya yi waccan shi zai yi wagga. Kuma ki hanzarta. In ba a shafa da sauran rana ba, ba zai bushe ba, ni kuwa ba ni kai jiƙaƙƙen ɗan tsako akurki."

Na ɗaga kai. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ƙasa-ƙasa, amma rana tana nan a kan danga. Na ce ko in jira Baba Tsoho ya shigo cin abinci. Ta ce yau a waje za su ci, an riga an kai musu.

Na sa ɗan tsakon cikin hijabi na nufi zaure. Na daɗe a bakin ƙofa ina kallon wata tururuwa tana jan fiffiken fara ta kan dokin ƙofa. Daga nan ina jin muryoyinsu a gindin bedi, ana gardamar takin zamani da farashin masara a Sabuwa. Sun fi yadda na zata yawa, har da liman. Na juya zan koma, ɗan birni ya motsa a tafin hannuna, ya yi ɗan sautin nan nasa mai rawa, na ji kaushin busasshen jinin kansa a yatsana.

Na fita. Na cire takalmi nesa da tabarma, na durƙusa na gaishe su. Suka amsa gaba ɗaya, maganar taki ta tsaya.

"A'a, mai jego da kanta," in ji Baba Tsoho. "Yau ta ƙofar gaba? Lahiya dai? Ina ranka ya daɗe?"

Na fito da shi daga cikin hijabi. Tsohon nan mai neman alewa ya leƙo ya ga kan.

"Wa ya fasa mashi kai?"

"Uwar," na ce.

"Mi ta ce?" Baba Tsoho ya kara hannu a kunne, tafin har yanzu da sauran ja a cikin zanensa. "Ɗaga murya, kunnen ya tsufa. Ko ki yi da kut-kut, liman zai fassara."

Suka yi dariya, har liman. Na jira suka gama. Na matsa gaba kaɗan a kan gwiwa, na miƙa masa ɗan tsakon da hannu biyu, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba ko a aji.

"Baba, don Allah in da sauran galura, a rina min shi. Sosai, har ya fi su ja."